Maki 15 ba kullum suke 15 ba: amsa kan buɗe tayi da 1NT a wasan birij

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga saƙonka tun shekaranjiya, wayar ce ba caji, kwana biyu ana ta hadari a nan wajen Ringim sola bata kawo abin kirki, sai yau na samu na zauna in baka amsa a tsanake. Tambayarka in na fahimce ka daidai ita ce, ka ƙirga maki 15 cif, hannu daidaitacce, ka buɗe tayi da 1NT (NT wato wasa ba tiram, ba gidan da yake yanke sauran) kamar yadda aka koya maka, fatnanka yana da 10 ya kai ku 3NT, kuka faɗi da ci biyu. Washegari kuma ka samu 14, kace basu kai ba ka buɗe da 1♦, kuka tsaya a ƙasa kuka kwashe ci goma ba ladan gem, wato ƙarin ladan da ake samu in an kira babban tayi irin 3NT aka cika shi. Shine kake tambaya wai ƙirgen makin nan ƙarya ne ko kuwa kai ne baka iya ba.

Ƙirgen ba ƙarya bane, kuma ka ƙirga daidai. Abin da ya rage maka shine bayan ka gama ƙirge ka sake duban hannun, don maki tiya ce kawai, tana gaya maka yawa amma bata gaya maka ko geron tsaba ne ko rabinsa ƙaiƙayi ne.

Bari in fara da inda ƙirgen ya fito don ka san iyakarsa. Es (A) 4, Sarki (K) 3, Sarauniya (Q) 2, Jak (J) 1, kowane gida cikin huɗun, wato sifed ♠ da hat ♥ da daimon ♦ da kulob ♣, maki 10, karta gaba ɗaya 40, matsakaicin hannu 10 kenan. Wani Ba'amurke mai suna Milton Work ne ya yaɗa shi, shi yasa har yau ake kiransa da sunansa, daga baya Charles Goren ya kai shi ko'ina a shekarun 1940 da 1950. Shi kansa wasan a yadda muke buga shi yanzu da tsarin ladansa, Harold Vanderbilt ne ya tsara shi a 1925. An zaɓi 4-3-2-1 ne saboda sauƙi, ko yaro zai iya haɗa shi a ka, ba don shine ainihin darajar katunan ba. Ni malamin lissafinmu ɗan Indiya ne ya koya min wasan a sakandare farkon shekarun 1980, shi a lokacin 16 zuwa 18 yake buɗe 1NT irin na zamanin Goren, yanzu kuma mafi yawan waɗanda zaka haɗu dasu a Bridge Base Online, shafin buga birij a intanet, 15 zuwa 17 suke yi irin na Amurka, mutanen Ingila masu tsarin Acol kuma 12 zuwa 14. Duk maganar da zan yi a kan 15 zuwa 17 ce tunda shi kuke bugawa.

Me yasa ake takura tayin nan a tsakanin maki uku kawai? Saboda da ka ce 1NT ka miƙa wa fatnanka ragama, shi zai yi lissafi ya yanke hukunci. 3NT ci tara ne, yana son wajen maki 25 a tsakaninku ku biyu, 6NT yana son 33, 7NT kuma 37. In yana da 10 zai haɗa da 15 ɗinka yaga 25 ya tafi gem ba tare da ya sake tambayarka komai ba, in 8 ko 9 ne ya gayyace ka, in ƙasa da haka ne yace fas. Toh kaga duk lissafinsa a kan amanar maganarka ya ɗora shi, in 15 ɗinka na ƙaiƙayi ne shi bashi da hanyar sani.

Ga hannun da ka turo min na ranar farko:

♠ Q J 3
♥ K J 4
♦ Q J 5
♣ K Q 6 2

na fatnanka kuma:

♠ A 7 4
♥ Q 6 3
♦ K 7 4 2
♣ J 7 5

Maki 25, ba musu. Amma shimfiɗa su a tabarma ka ƙirga ci nawa zaka iya ɗauka yanzun nan ba tare da ka sakar wa abokan karawa hannu ba. Ɗaya ne tak, Es na sifed. Sauran duka sai ka biya kafin ka karɓa, hat sai an fitar da Es kafin ka samu biyu, daimon haka, kulob haka, sifed ma mai yiwuwa sai Sarki ya ci nasa. In komai ya tafi lafiya biyu biyu ne a gida huɗu, takwas kenan, na taran sai in daimon ko kulob sun rabu uku da uku a hannunsu, wanda sau 36 ne kawai cikin 100 a kowane gida. Kuma su ba zama zasu yi suna kallonka ba, na hagunka ya fito da hat daga guda biyar, kana da masu gadi biyu a gidan, kai kuma kana buƙatar sakin hannu sau biyu ko uku, kafin ka gama gina naka sun riga sun gina nasu, hat uku da Es biyu da Sarkin sifed, shida kenan, shine faɗuwa biyun da kuka yi. Ba wasanka ne ya lalace ba, tun a tayi aka sayi kayan da tsada.

Yanzu ɗauko hannunka na rana ta biyu, wanda ka raina:

♠ 10 5
♥ A 10 8
♦ A Q 10 9 5
♣ A 10 8

Maki 14. Dan Allah ɗora shi a kan wancan hannun na fatnanka na ranar farko, shi ɗin dai, kar ka canza ko kati ɗaya. Jimla 24, ƙasa da wancan da maki ɗaya. Ƙirga ci: daimon biyar, kuma biyar ɗin tabbas ne in ka fara da Es, don ko Jak na tare da ukunsa a hannu ɗaya zaka gani tun a zagayen farko ka kamo shi ta kowane ɓangare yake. Es na sifed, Es na hat, Es na kulob, takwas kenan baka saki hannu ko sau ɗaya ba. In suka fito da hat ko kulob ka saka ƙarami daga hannun da aka shimfiɗa, goman nan da baka basu ko maki ɗaya ba su zasu haifar maka da ci na tara. Sifed ne kaɗai fitowar da zata sa ka yi gumi, shi ma ka riƙe Es har zagaye na uku kana da hanya. Wallahi duk ranar da aka bani zaɓi tsakanin hannayen nan biyu, na 14 zan ɗauka ko waiwaye bazan yi ba.

In ka taɓa raka wani sayen rago a kasuwar Maigatari ranar Alhamis ka ga yadda masu abin suke yi. Baƙo ƙaho yake kallo da tsayi da yawan gashi, shi kuwa wanda ya san dabba zai dafa gadon bayan ya matsa, ya shafa ƙirji, ya kama gindin wutsiya, ya buɗe baki ya duba haƙora, sannan ya taya. Sarauniya da Jak in suka yi yawa a hannu ƙaho ne da gashi, suna cika ido suna cika lissafi. Es da goma da dogon gida su ne naman.

Abu na farko da nake dubawa bayan ƙirge shine Es nawa gareni, Sarauniya da Jak nawa. Masana sun daɗe da sanin cewa 4 ta yi wa Es kaɗan, 2 da 1 kuma sun ɗan yi wa Sarauniya da Jak yawa. Tun a shekarun 1930 akwai wata shahararriyar ƙungiyar ƴan wasa a Amurka da ake kira Four Aces, cikinsu har da Oswald Jacoby wanda tiransifa ɗin da kuke yi da 2♦ da 2♥, wato amsar da take sa mai buɗe 1NT ya kira hat ko sifed, take ɗauke da sunansa, su ƙirgensu Es 3, Sarki 2, Sarauniya 1, Jak rabi. Gwada shi a hannayenka ka gani, na farkon mai 15 ya tashi 8 da rabi, na biyun mai 14 ya tashi 10. Ban ce ka koma wannan ƙirgen ba, fatnanka 4-3-2-1 ya sani, amma ya nuna maka inda tiyar take ƙwange. Gaskiya a NT Sarauniya da Jak sun fi amfani a kan wasan da ake da tiram, don a can sau da yawa ana yanke su kafin su ci, shi yasa ban cika tsananta musu ba a nan, amma hannun da ba Es ko ɗaya kamar naka, ina rage masa maki ɗaya a zuciyata. Dalili shine Es ba ci ɗaya kawai yake baka ba, yana baka ikon zaɓar lokacin da zaka karɓi hannu, ka ƙyale zagaye ɗaya ko biyu har na damanka ya ƙare da gidan sannan ka ci. Sarauniya bata da wannan ikon, ita sai abin da aka yi da ita.

Sai goma da tara, nan ne nafi son ka tsaya ka fahimta don su ne ƙirgen ya manta dasu gaba ɗaya. Ɗauki A J 2 a hannunka, fatna yana da ƙanana uku. Kafin ka samu ci biyu sai Sarki da Sarauniya duka suna hannun na damanka, wajen sau ɗaya cikin huɗu kenan. Canza 2 ɗin nan ya zama 10, A J 10, ka jefo daga wajen fatna sau biyu kana saka ƙaramin cikin manyan, zaka samu ci biyu sai dai in duka biyun suna hagunka, wajen sau uku cikin huɗu kenan. Maki biyar ne nan, maki biyar ne can, amma ɗaya ya ninka ɗaya sau uku wajen samun ci na biyu. Haka Q 10 4 da Q 5 4, haka K J 10 da K J 4 ɗin da ke hannunka, K J 10 ko fatna bashi da komai a gidan kana da ci ɗaya a aljihu, K J 4 kuwa in Es da Sarauniya suna bayanka zaka iya tashi a tutar babu. Matsakaicin hannu goma ɗaya yake samu. In kaga uku ko huɗu kuma suna manne da manyan katuna, ba a yashe su kaɗai ba, ƙara maki ɗaya ba tare da fargaba ba. Wasu suna bai wa kowace goma rabin maki, ni ban cika son lissafin rabi rabi a kan tabarma ba, kallo ɗaya nake yi in ga hannun yana da ciki ko fanko ne, in daga Jak sai 4 da 3 da 2 toh fanko ne.

Na uku siffar hannu. Daidaitaccen hannu iri uku ne in ka ƙirga yawan katunanka a kowane gida, 4-3-3-3 da 4-4-3-2 da 5-3-3-2, kuma su ukun sun kusa rabin duk hannayen da ake rabawa, 4-4-3-2 ya fi kowanne zuwa, kusan sau 22 cikin 100, 5-3-3-2 wajen 15 da rabi, 4-3-3-3 wajen 10 da rabi. Sabon ɗan wasa gani yake 4-3-3-3 shine sarkin NT tunda ko'ina a rufe yake, alhali shine mafi talauci a cikinsu, saboda a NT ƙananan katuna basa ci sai in gidansu ya fi na kowa tsawo, kai kuma gida ɗaya ne kacal kake da kati na huɗu. Mai kati biyar a gida ɗaya kuwa yana da ƙanana biyu da zasu zama ci bayan an share gidan, ka gani da idonka a daimon ɗin can, 5 ma ci take yi. Don haka gida biyar mai kyau, wato mai manya biyu ko uku a kansa, ƙara ɗaya. Amma J 7 5 3 2 ba gida biyar mai kyau bane, kafin ka gina shi an gama cin kasuwa.

Akwai kuma inda manyan suka zauna. K Q su biyu tak ba ƙarami a bayansu maki biyar ne amma ci ɗaya ne, kuma baka da ikon jinkirtawa. Q J su kaɗai, ko Q 4, ko J 6, duk maki ne da ake biya ba a cika morarsu ba. Manyan da suka taru a gida ɗaya suna taimakon juna, K Q J a haɗe ci biyu ne ba makawa, amma Sarki a sifed shi kaɗai, Sarauniya a hat ita kaɗai, Jak a kulob shi kaɗai, makin dai shida ne, kuma zasu iya tashi ba ci ko ɗaya in fatna bai kawo musu ɗauki ba. Hannu ɗaya baya ɗaukar jinka, a karta ma haka ne. Kuma manya a dogon gida sun fi manya a gajere, A K a kan guda biyar suna jan ƙanana uku a bayansu, A K su biyu kawai ci biyu ne shikenan.

Toh me zaka yi da hannun farko in ya sake zuwa? Ba Es, ba goma, 4-3-3-3, laifi uku a hannu ɗaya. Ni 1♣ zan buɗe, fatna yace 1♦, in ce 1NT wanda yake nuna 12 zuwa 14, shi da 10 ɗinsa shimfiɗaɗɗe yace fas, mu ci bakwai ko takwas mu rubuta lada a gefenmu maimakon faɗuwa. Amma in gaya maka gaskiya, rage hannu abu ne da ake yinsa jefi jefi, sai laifin ya taru irin haka. Mafi yawan 15 ko da basu burge ka ba ka buɗe 1NT abinka, domin tayin yana da wata riba ta daban, yana toshe wa abokan karawa baki tunda sai sun hau mataki na biyu kafin su yi magana, kuma fatna yana da Stayman, wato 2♣ da yake tambayar ko kana da hat ko sifed huɗu, da tiransifa a hannunsa, hanyarku a share take. Ɗaga hannu shi ya fi yawa a wajen ƙwararru, 14 mai kyau ya shiga 1NT.

Kuma ɗagawar ba a ƙasa kaɗai take ba, wannan mutane da yawa suna mantawa. Duba wannan:

♠ K 4
♥ A 10 9
♦ A 8 3
♣ A Q 10 7 4

Maki 17, yana cikin iyaka, amma ya fi ƙarfin 1NT. Es uku, gida biyar mai kyau, goma biyu. In ka ce 1NT fatna mai 7 zai ce fas da gaskiyarsa, ku ci tara ku rubuta 150, alhali da kun kira gem 400 ne, in kuna cikin ja ma, wato lokacin da lada da asara suke ƙaruwa, 600. Wannan 18 ne a wajena, 1♣ zan buɗe, in ya amsa in yi tsalle zuwa 2NT wanda yake nuna 18 zuwa 19. Mu huɗun da muke zama gindin darbejiya bayan la'asar, ba ko kobo a tsakaninmu sai littafin rubuta lada da butar shayi, mun fi shekara muna gardamar irin wannan hannun da wani abokina tsohon malamin gona, shi yace 17 dai 17 ne, sai da muka riƙa ware irinsu muna sake raba sauran katunan muna bugawa, da kansa ya dawo yana ɗagawa.

Iyakar gyaran maki ɗaya ne, sama ko ƙasa. Kar kaji nace Es da goma suna da daraja gobe ka buɗe 1NT da 13 kace ai malam yace. In ka fara haka fatna bazai ƙara sanin me 1NT ɗinka take nufi ba, ranar da yake da 18 ya haɗa da 15 ya kai ku 6NT sai kuga ana cin ku da Es biyu. Kuma ku zauna ku yi magana da shi tun kafin wasa, in kun yarda kuna ɗaga 14 mai kyau toh ku faɗa wa abokan karawa haka, 14 mai kyau zuwa 17, don a birij haƙƙinsu ne su san yarjejeniyarku, ba a ɓoye ta.

Ka tambaya a ƙarshen saƙon ko 10 5 na sifed ɗin nan bai isa ya hana ka 1NT ba tunda gidan ba mai gadi. A da can haka ake koyarwa, malaminmu ma baya yarda da gida mai kati biyu fanko, amma yanzu kusan kowa ya bar wannan sharaɗin. Dalili kuwa in ka ƙi buɗe 1NT saboda shi, a zagaye na biyu baka da abin faɗa na gaskiya, in kace 1NT ka rage ƙarfinka, in kace 2NT ka ƙara, in ka maimaita gidanka kace yana da shida alhali biyar ne. Sannan gidan da kake da biyu a ciki, sau da yawa nan fatna yake da tsawo. Wannan dalilin ne ma yasa in ina da hat biyar a 5-3-3-2 da maki 15 ko 16 nake buɗe 1NT, don in nace 1♥ fatna yace 1♠ na shiga wannan tarkon dai. Wani lokaci zaku rasa haɗuwar hat biyar da uku, na yarda akwai wannan asarar, kuma akwai manyan ƴan wasa da har yau basa sa babban gida, wato hat ko sifed, mai biyar a 1NT, amma ni na gwada duka biyun shekara da shekaru, wahalar rashin abin faɗa a zagaye na biyu ta fi yawan zuwa. Da sifed biyar abin ya ɗan fi sauƙi, in gidan yana da ƙarfi sosai kamar A K J 10 da ƙarami, sauran kuma ba wani abin kirki, 1♠ nake buɗewa.

Haka in fatna ya gayyace ka da 2NT, wannan duban dai zaka sake yi. 17 ka tafi, 15 fanko ka tsaya, 16 kuwa ko 15 mai gida biyar da goma biyu, ka ce 3NT, musamman in kuna cikin ja inda ladan gem yake 500 maimakon 300. 16 mai 4-3-3-3 da ƙanana zalla a bayan manyan kuma ka ce fas ka karɓi takwas ɗinka.

Hannun fatnanka na rana ta biyu baka turo min shi ba, turo min in ga yadda tayin ya kamata ya tafi bayan 1♦ ɗin, don ina zargin ko a hakan ma akwai inda ɗayanku ya tsaya da wuri. A gaida mutan gida.